Ruwan Randa

Tun ranar da aka tare mu a hanyar Jibiya
barci ya yi mini yaji.
Na rataye makullin mota a ƙusa,
ko murfin tukunya ya faɗi sai in zabura.

Ran Talata nakan je wurin Likita Basira,
ɗaki mai fanka ɗaya da kujeru biyu.
Ta ce, "Tunanin nan da ke shaƙe ka,
rubuta shi, mu gurfanar da shi.
Ina shaidarsa? Wa ya ce gobe ma haka?"
Na rubuta, biro yana rawa a hannuna.

Can bayan Ƙofar Ƙaura kuwa
akwai Baba Menon, Ba'indiye mai gyaran injin niƙa,
shekara talatin a Katsina, Hausarsa har da habaici.
Ya gan ni ina haki kamar wanda kura ta koro,
ya jawo tabarma: "Zauna, Ɗanlami.
Mu a yoga ba mu kokawa da tunani.
Ja numfashi. Sake shi a hankali.
Tunani baƙo ne, kai ne mai zaure.
Ka ga shigarsa, ka ga fitarsa,
kada dai ka dama masa fura."

Na kai wa Likita maganar, ina jiran tsaki.
Dariya ta yi: "Mu ma muna da shi a littafi,
suna kawai muka sake masa."

Amma ba ko'ina suka sha inuwa ɗaya ba.
Ita so take ta ɗinke ni,
in koma Ɗanlami direba, in riƙe sitiyari.
Shi kuwa cewa yake Ɗanlamin riga ce,
mai kallo na ciki bai taɓa jin rauni ba.
Na ce, Baba, da rigar nan nake ciyar da 'ya'ya biyar.
Nan na bar masa nasa.

Da asuba na sallame, ban tashi ba.
Na tuna kakata, Iya Tabawa,
in an kawo ruwan rafi jajawur:
ba ta motsa shi, ba ta zaginsa,
sai ta rufe randa da faifai, ta tafi sha'aninta.
Kafin hantsi laka ta kwanta.

Jiya na tayar da mota.
Ban wuce Ƙofar Guga ba na juyo.
Likita ta rubuta a takarda.
Baba bai ce uffan ba,
ya miƙo mini sifana, ya ce in riƙe masa nan.