Bokiti Kafin Ashana

Darbejiyar da Baba ya dasa a Gandun Albasa
ba ta san ya rasu ba.
Har yau tana zubar da ganye a tsakar gida
kamar mai biyan bashin da ba ya ƙarewa.

Shi ne mai ƙonawa, ran Asabar, bayan la'asar.
Ba ya farawa da ashana.
Ganye ɗaya yake ɗauka, ya saki daga saman kansa,
ya tsaya kallon inda zai sauka.
In ya karkata wajen katangar Tabawa
sai ashana ta koma aljihu:
"Yau iska ba tamu ba ce."

In ya faɗo kan ƙafarsa, sai ya ƙwala mini kira.
Bokiti biyu, cike taf, a ajiye kusa,
da shebur, da kwanon yashi.
Sannan ya tsuguna ya bi tarin da yatsa
kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa:
leda gefe, mataccen batir gefe,
gwangwanin fesa maganin sauro can nesa.
"Wannan, ko ya ƙare, da sauran magana a cikinsa."
Galan ɗin fetur na janareta kuwa
sai an kai shi zaure an ja ƙofa.

Daga nan sai aike.
Tabawa ta kwashe shanya,
Iliya tela ya shigar da ɗansa mai asma, ya rufe taga.
Ina jin nauyin wannan aike.
Ganye ne fa,
tarin da ko gwiwata bai kai ba.

Shekarar farko da babu shi
na share, na tara, na ƙyasta.
Famfo bai kawo ba, ɗan garuwa bai biyo layinmu ba,
na ce buta ma ta isa.
Wuta ta ci, ta lafa, toka ta yi furfura.
Waya ta yi ƙara a ɗaki,
na bi ta.
Minti goma ne, wallahi, ko sha biyar.

Ƙauri ne ya fara sallama,
sannan kukan akuya.
Tartsatsi ɗaya tak ya haura katanga
ya sauka kan harawar da Tabawa ta tara tun kaka.
Samarin layi suka zo da abin da hannu ya samu,
ruwan wanki, ruwan randa, jiƙaƙƙen buhu.
Kafin motar kwana-kwana ta kutso
ta tsakanin adaidaita sahu,
an gama.
Rumfa ta tafi.
Akuya ta tsira da babbakakken baya.

Tabawa ba ta zage ni ba.
Da ta zaga, da ya fi mini sauƙi.
Ta dubi gawayin rumfarta, ta dube ni,
ta ce, "Mahaifinka yakan aiko."

Na biya harawa, na sake kafa rumfa.
Maganar ce ban san farashinta ba.

Yanzu rabin ganyen rami nake kai wa, ya ruɓe ya zama taki,
wani kuma mai kwasar shara ya tafi da shi.
In dole sai an ƙona, ba na ɗagawa.
Na kwara ruwa, na juya da shebur, na sake kwarawa,
na kara bayan hannu a kan toka,
don garwashi ya iya kwanan zomo.
In kiran magariba ya riske ni da sauran ɗumi,
a nan nake alwala, daga bokiti na biyu,
idona a kan tokar.

Jiya Barira ce ta saki ganyen,
ta yi ɗage, shekararta bakwai.
Ya yi ta lilo, ya yi ta shawara,
ya nufi katanga.
Ban ce komai ba.
Ta zare ashanar daga hannuna,
ta je ta ɗauko tabarma, muka zauna
kusa da tarin, da bokitanmu biyu.