Ƙwan Fitila Ɗaya

Ƙwan fitila ɗaya ne ya mutu, na hagu.
Shi kaɗai na kai ma Ilu a garejin Ƙofar Ƙaura,
inda ƙasa ta sha baƙin mai har ta ƙi shan ruwa.
Ya ɗaga bonet, ya leƙa, ya tsotsi haƙori,
ya ce, "Sallau, wayarin ɗinka ya tsufa,
bar mani ita zuwa la'asar."
Na bar mashi.
Wanda bai san hanyar wuta ba,
ina shi ina gardama da mai filaya a aljihu?

La'asar ta haifi kwana uku.
Dubu goma sha takwas na ƙirga a tafinshi,
ban da kuɗin fis, da baƙin salatif naɗi biyu,
da ɗari biyar ta yaron da ya riƙe tocila.

Yau da asuba na loda ƙanƙara,
buhu tara, rabi bashi,
na lulluɓe da tsohon bargo da garin katako.
Masu shago a Batagarawa suna jira
kafin rana ta buɗe ido.

Na murza makulli.
Ƙyas.
Na sake murzawa. Ƙyas, ƙyas,
kamar ƙadangare ya taka busasshen ganye.
A na uku sai hon ya ɗauki kuka da kanshi,
ba mai taɓa shi,
har Ɗan'asabe maƙwabcina ya fito da buta a hannu
yana tambayar wa ya rasu.

Na kunna sigina, waifa ta hau share gilas.
Na taka birki, rediyo ta gaishe ni.
Mota ta shekara tara tana jin maganata,
yau na ce mata gabas, ta amsa da Jibiya.

Masu fitowa masallaci suka naɗe hannun riga.
"Sa giya ta biyu!" "Saki kuloci!"
Ta yi tari sau biyu kamar tsoho ya shaƙi yaji,
ta ja mu taku ashirin,
ta mutu daidai kwalbatin Rafindaɗi.
Aka yi mani sannu, aka kakkaɓe hannu, aka watse.

Na buɗe bonet da kaina.
Jar waya an ɗaura mata aure da koriya,
ƙullin haƙori ne, ko kunya babu.
Salatif ya saki, yana reto kamar ɓawon rake.
A gurbin fis an cusa takardar kwalin taba.
Kan batir kuwa da ƙusa aka tokare shi.

Sai na tsaya.
Batir ɗina yana da alama,
ɗiyata Hinde ta rubuta harafin sunana da jan farce
ranar da na sayo shi.
Wannan ba harafi. Kumburi gare shi a ciki,
da farin gishiri a baki.

Na kira Ilu. A kashe.
Na kira. Tana shiga, ba a ɗauka.
A na bakwai ya ɗauka, yana tauna wani abu:
"Haba Sallau, ai lafiya lau ta bar nan.
Ko dai ka shiga ruwa da ita?"

Ruwa kam ga shi nan, Ilu.
Yana ɗiga ta ƙarƙashin but,
ɗis, ɗis, buhu tara suna komawa inda suka fito,
ya ja layi a ƙasa har gindin darbejiya,
kajin unguwa sun taru suna shan jarina
suna ɗaga kai sama.

Azahar ta kusa. Na zauna bisa kwalbati.
Inji shiru, hon ya gaji, rediyo ta yi barci.
Amma kar in ci haƙƙin mutum:
fitilar hagu tana ci,
tar da ita, tsakar rana,
na cire makulli ma ta ƙi mutuwa.