Awon Barira

Ni tela ne, rumfata na bakin babbar kasuwa.
Nakan riga uwa sanin girman ɗanta,
don igiyar awo ba ta san kara ba.

Salla uku ke nan, Barira,
lambarki ɗaya a littafina,
ban goge ba, ban ƙara ba.
Kalmasar da na bar miki a gindin riga
tana nan naɗe, tana jiran ki.

Tsaranki a Bagalam sun fara haura danga,
ke kina gindin randa da moɗa,
ki sha, ki koma, ki sha,
tabarma ta kwana jiƙe.
Numfashi kamar kin yi tsere, alhali zaune kike.
Ƙafafu suka soma gwame.
Aka ce shawara ce, aka ce tamowa,
aka ce akwai mai saiwa a Jiratawa.
Mun je. Jika huɗu da zakara.

Ran da wuyanki ya kasa ɗaukar kanki
na rufe keke da kayan mutane a kai.
Suka ɗebi jini, suka ɗebi fitsari,
muka kwana tara ƙarƙashin bedi.

Likitar ta zana wake biyu a takarda.
Ta ce, ƙoda ke nan, mai tsaron ƙofa,
ita ke korar tsami daga jini.
Ta ɗiyarku ta bar shi yana taruwa,
shi kuwa in ya rasa mai kashe shi
sai ya koma cin ƙashi.
Jikin da ke biyan bashi kullum,
da me zai yi gini?

Uwarki, Tsahara, ta daɗe shiru,
sannan ta ce, ashe miyar sure ce ba kanwa.
Likitar ta yi dariya, ta ce kin kusa,
amma kul, ba ta kasuwa ba,
wannan sai da awo.

Awo.
Nan na ɗago kai, an zo gidana.

Sau huɗu a yini, har da tsakar dare,
ruwa mai gishiri-gishiri a tsinin cokali,
ki yamutse fuska, ki ce Baba mugu.
Na yarda.
In ya yanke a gari, direban Katsina ya san ni,
ni ma na san kuɗin da ba na faɗa a gida.
Na tambaya, sai yaushe?
Aka ce kar in ƙirga.

Jiya, wata na bakwai,
kin shigo rumfa da gudu, kina tsallake ƙyallaye,
na ga gwiwarki a waje.
Ban ce komai ba.
Na sa igiya: yatsa biyu.
Na sake sawa, ko hannuna ne ke son zuciya.
Yatsa biyu.

Na ɗauki reza,
na bi kalmasar nan zare-zare.
Mai jiran wandonsa ya yi ta tsaki.