Dokar Makaɗi

A Garwa, bayan lisha, in an rufe shago,
teburin yankan yadi kan zama ƙasa guda.
Alli ya ja Binuwai daga wannan kusurwa zuwa waccan,
maɓallan riga su ne jarumai,
kwarkwaron zare kuwa Dorinar Tsafi, mai rai arba'in.
Ɗan lido ɗaya gare mu, shi ma shidansa ta fara gogewa.

Ni ke rubuta dokoki a bayan littafin awo,
tsakanin faɗin kafaɗar wani da bashin wani.
Maharbi na da baka, Mayaƙi na da gatari,
wannan ba wuya.
Makaɗi ne ya hana ni barci mako uku.

Ba ya sara, ba ya harbi.
Ya buga ganga, abokinsa ya ƙara sara ɗaya,
yadda kiɗan gayya kan sa fartanya ta manta gajiya.

Daren farko na bar kiɗan kyauta.
Hamajoda, da ya ajiye babur yana warin fetur,
ya sari Dorina sau biyar a jere,
ta mutu tun shayi bai tafasa ba.
Ya miƙe yana kirari, sauran suna hamma.
Na soke dokar.

Dare na biyu na tsuga mata tsada:
wanda ya yi kiɗa ya rasa rabin ransa.
Maɓallin Makaɗi ya kwana cikin gwangwani,
ba wanda ya ko taɓa shi.
Wa zai sayi ganga da jininsa?
Na sake sokewa har biro ya huda takarda.

Sai na tuna Baffa Ilu a maƙera,
shekara talatin yana zuga,
bai taɓa ɗaga masaba ba,
amma ran da zazzaɓi ya kwantar da shi, ƙarfe ba ya ja.
In an sayar da garma kuwa, ba mai ambatonsa.

To, ga abin da na rubuta a ƙasan shafi:
Makaɗi ya sarayar da zagayensa, ba jininsa ba.
Ɗan lido ya bi ta tafinsa, shi zai miƙa.
Ya kira suna da ƙarfi, kowa ya ji.
Ba a yi wa mutum kiɗa sau biyu
sai kowa a teburin ya sami nasa.

Koji ne ya ɗauka, yaron guga,
ɗan Mokolo mai i'ina, da kan yini bai ce uffan ba.
Ya miƙa wa Hamajoda: biyar.
Ya miƙa wa Tanimu: huɗu.
Dorina saura rai uku, ta wage baki kan kwalekwale.
Nan wuta ta ɗauke, muka kunna fitilar waya.

Hamajoda ya miƙo hannu: "Ba ni nan in gama da ita!"
Na ɗora yatsa a kan layin ƙarshe, ban ce komai ba.
Saura Asta mai ɗinkin hula,
jarumarta tsohuwa ce da sandar gora.

Koji ya ƙwanƙwasa tebur da gindin almakashi,
sau uku, kamar mai neman izini.
"A... A... Asta."
Da ƙyar sunan ya fito, amma ya fito,
har maigadin makwabta ya leƙo.

Ta hura wa ɗan lido iska, ta jefa.
Ya tsallake Binuwai, ya faɗo ƙasa,
ya daki ƙafar keke, ya tsaya.
Muka durƙusa da fitila.

Ɗaya.

Dorina ta kife kwalekwale, ta haɗiye mu kaf.
Hamajoda ya ɗora hannu a ka yana salati,
Asta na dariya har da hawaye,
Tanimu na rantsuwa ƙasan shagon nan a karkace take.

Na buɗe littafi in gyara wani abu,
na karanta sau biyu, na rufe.
Koji na tattara maɓallai cikin gwangwani,
sai ɗaya da ya sa a aljihun gaba,
ya dafe shi da tafi, bai dube ni ba:
"Go... gobe ma ni ne."