Busassun Hannuwa

A Huế ruwa ba baƙunta yake zuwa ba,
tabarma yake shimfiɗawa ya miƙe ƙafa,
sai ka yi wata uku ba ka ga inuwarka ba.
Ni kuwa ungozoma ce,
naƙuda kuma ba ta duban sama.

Shekarar farko na sayi safar fata
a kasuwar Đông Ba, da rabin albashina.
Mai shago ya rantse ko kogi na faɗa da ita.
Kafin in haye gada ta sha ta ƙoshi,
ta koma matattun kifaye biyu
rataye a wuyan hannuna.
Ruwa dai ba sa'an kwando ba ne.

Na ɗaura leda, iska ta yage ta.
Na sa safar wanke-wanke, ja, har gwiwar hannu,
na sama bai shiga ba,
gumina ne ya ci amanata daga ciki,
yatsu suka yamutse, birki ya gagare su.

Sai Khuê, bakaniken bakin titinmu,
wanda maganarsa ba ta wuce tsawon sigarinsa,
ya ɗauko jarkar man girki guda biyu,
ya fafe su da wuƙa mai zafi,
ya zura a ƙahonnin babur,
ya tamke da tsohuwar robar taya.
Ya ce, "Muni gare su, amma ba sa yoyo.
Kuma ki bar cusa hannun riga cikin safa,
riga ce za ta rufe bakin safa.
Ruwa gangare ya sani,
kada ki share masa hanya."

Yara na ihu, ga babur mai kunnen giwa!
Su yi ta yi.

Daren jiya, ƙarfe biyu, waya ta tashe ni.
Matar Lãm ce, can sama da kogin Bồ,
cikin fari, kuma ya zo da gardama.
Na sa safar ulu, na soke wata a ƙirji
inda zuciya za ta riƙa ɗumama ta.
Kwalta ta ƙare, laka ta karɓe ni,
fitila ba ta ganin komai sai zaren ruwa.
Yana dukan hular kwano kamar mai bin bashi,
ya bi ta wuya, ya sauka gadon baya,
ya cika takalmi har yana kuka.
Duk na bar masa.
Abu biyu kawai na hana shi.

Na shiga ɗakin ina ɗiga kamar indararo.
Na wanke hannu, na ɗora a cikinta,
ba ta zabura ba.
Yatsuna goma a farke suke,
suka lalubo, suka lallaba, suka juya.
Asuba ta gari sai ga shi, ɗan mitsitsi,
da cibiya naɗe a kafaɗa,
kuma abin da duniya ta fara taɓa shi da shi
ba sanyi ba ne.

Kakarsa ta cusa jarida cikin safata,
ta rataye ta sama da murhu, kusa da masara,
ta miƙo mini shayi ba ta ce komai ba.

Har yanzu ana ruwa.
Jarkar hagu ta tsage a hanya.
Gobe zan kai wa Khuê wata,
da kwalin sigari ɗaya.