Mai Zaman Ƙasa

Shekara ashirin da shida Sinyangwe yana nutso
a Tafkin Tanganyika, gaɓar Mpulungu,
yana kamo kifi masu launi, a ɗaure a leda,
jirgi ya kai su ƙasashen sanyi.
Da kunnen hagu ya toshe, ya bar ruwa,
sai ya kawo ruwan cikin ɗaki:
akwatin gilashi, taku huɗu,
bisa teburin ɗinkin marigayiya matarsa.

Karfasa shida ya zuba, 'ya'yan duwatsu,
shuɗɗa kamar an tsamo su daga marina,
masu faɗa kamar an raba gado babu alƙali.
Kowace ta kama kogo ta ce na ubanta ne.
Sama ta cika da rigima,
ƙasa kuwa fayau, yashi kaɗai,
sai guntun abinci yana ruɓewa a lungu.

Jikarsa Nachilima ta ce, "Kaka, ƙasa na son mai shara."

Ya ce, "Sannu dai, yarinya.
Ba kowa ke iya zaman ƙasa ba.
Mai taushin jiki, kafin asuba sun yage masa wutsiya.
Ɗan rafi, wanda ya saba da ruwan ganye,
namu mai kanwa zai dafa shi da ransa.
Tarwaɗa? Bana ɗan yatsa, baɗi damtse,
ran da bakinta ya isa
ki ƙirga shida ki tarar da huɗu.
Kaguwa ɓarauniyar dare ce,
ran da ta tuɓe sulke kuma, ita ce tuwon."

"To wa ya rage?"

Ya tafi gaɓa wajen tsohon abokin nutso,
ya dawo da bokiti, ruwa na fantsama a ƙafarsa.
Kurungu uku, masu zanen zabo,
gashin baki zaro-zaro, ƙaya a gadon baya.
"Ɗaya ba ya sakewa, ɓuya zai yi har ya rame.
Uku kuwa gari ne.
Ruwansu ɗaya da waɗancan, dutsensu ɗaya,
wanda ya cije su, bakinsa zai ba shi labari."

Haka aka yi. Yashi ya yi fes.
Karfasa suka kai hari sau biyu, suka haƙura.

Sai wata shuɗiya ta daina ci.
Haɓarta ta kumbura, ta koma bayan dutse,
ƙwai ne a bakinta, tana juya su a hankali.
Nachilima na jan layi da gawayi a bango,
kwana goma, sha biyar, sha tara,
ta zaɓa wa 'ya'yan sunaye tun ba su fito ba.

Ranar da uwar ta buɗe baki
abin da ya fito guda biyar ne,
kowanne da ɗigon zabo,
kowanne da gashin baki.

Yarinya ta yi tsit. Can ta ce, "Ina nata?"

Tsoho ya sosa kunnen da ba ya ji.
"Ranar da take zuba ƙwai suka kutsa da nasu,
ta kwashe duka, ba ta tantance ba.
Nasu ke riga ƙyanƙyashewa. Yunwa kuma ba ta da kara.
Na sha gani a tafki, ƙafa talatin ƙasa.
Na ɗauka gilashi zai sa su kunya."

"A mayar da su!"

Bai ce a'a ba, bai tashi ba.
Inuwar hannunta ta gifta bisa ruwan,
uwar ta zabura, ta wangame baki,
tana bin 'ya'yan kurungu tana son ɓoye su.

Da dare ta ji motsinsa, ta leƙo.
Ya wanke babbar robar wanki, ya jera duwatsu ciki,
gidan haihuwa na gaba.
Ya ɗaga kurungu ɗaya a raga,
kifin ya yi ƙara, ƙiƙi-ƙiƙi, kamar tsohuwar ƙofa.
Ya juyo da kunnen dama, ya daɗe yana saurare,
sannan ya mayar da shi ƙasa.