Kunne a Kan Ƙarfe

Da hantsi suka turo ta Suame Magazin,
farar akori-kura, ta sha jar laka har kafaɗa,
doyar Ejura ta kwana biyu a bayanta.
Mumuni Wangara ya sauko yana sharce gumi:
"In na sa ta a ƙafa huɗu sai gurnani,
in na karya kwana sai ƙwas-ƙwas,
kamar kare ya sami ƙashi ƙarƙashin kujerata."

Masta Inusa bai ce uffan ba.
Ya kurɓe sauran kokonsa, ya kife kofi,
ya ce, "Salifu, jak."

Shekara uku ina wanke masa sifana,
na san ba a yi masa garaje.
Muka ɗaga gaba, muka tokare da kututture,
ya kulle hob, na murza tayar hagu,
ta dama ta juya baya, yadda aka halicce ta,
sai dai can tsakiya wani abu yana tari.

Na ce, "Boris ne."
Ya ce, "Wa ya aike ka?"
Ya jijjiga taya sama da ƙasa, shiru.
Ya kama firfela ya girgiza, babu wasa.
Robar shaf ba ta yage ba,
giris yana nan a ɗakinsa.
Sai ya zaro dogon sukundireba,
ya kafa tsininsa a tukunyar difa,
ƙotar a kunne,
ya lumshe ido
kamar mai kamo kiran salla daga Aboabo.

Guduma dubu na faɗa a Magazin,
masu walda na tofa wuta,
rediyon Kwabena Ofori na ihun ƙwallo,
shi kuwa ƙara ɗaya tak yake farauta.

"Kwance noti."
Mai ya zubo, ba ruwan zuma ba,
ruwan toka ne mai warin ƙonanniyar tafarnuwa,
garin ƙarfe yana ƙyalli a ciki.
Rafin da aka keta ya bar saƙo a tukunya.
Can ƙarshe wani abu ya faɗo tasa, ƙwal,
haƙori ne, bai fi ƙwayar masara ba.

Ni na ɗauka an gama.
Masta ya ce, "Haƙori ba ya karya kansa."
Ya tsinko igiyar buhun doya,
ya zagaya tayar baya, ya ƙulla,
ya kai ta gaba,
igiya ta rage yatsa uku.

Mumuni ya soma kallon takalminsa.
"Na hannu ne, na same su da araha a Asafo."
"Tun daga ina kake ƙafa huɗu?"
"Tun Mampong. Mantuwa ce."

"To ka ji.
Gaba na taku irin nata, baya irin nata,
ka ɗaure su da igiya ɗaya ka ce su tafi.
Laka tana yafiya, tana barin ƙafa ta zame,
kwalta ba ta yafe wa kowa.
Wanda ya fi ƙanƙanta a tsakani
shi ya biya bashin."

Araha ba ta ado,
amma babu wanda ya faɗa masa,
sidin da ya ƙirga sun isa magana.

Aka aike ni shagon Ofori.
"Ƙirga haƙora, su zo daidai da na baya."
Arba'in da ɗaya, da goma.
Na ƙirga sau uku, ina shafa alli,
ruwan la'asar yana dukan kwano.

Dab da magariba muka ɗaure, muka zuba sabon mai.
Masta ya miƙo min sukundireban
ba tare da ya dube ni ba.
Na kafa, na liƙa kunne.
Da fari bugun jinina kawai na ji,
sannan, can ƙasa,
ƙarfe yana miƙa wa ƙarfe hannu
a hankali, babu gardama.

Doya ta wuce kasuwa.
Haƙorin yana aljihuna har yau,
ya huda min wando biyu.